Mu bakwai, duk Muhammadu

Ma'aikaciyar inshorar ta ɗago kai ta ce, "Wane ne Muhammad Abubakar a cikinku?" Ni da Yaya Sani muka ɗaga hannu tare. 😂

Jama'a, na je sabunta inshorar motata sai na tarar kuɗin ya ninka. Wai rajistarsu ta nuna na taɓa faɗawa magudanar ruwan Bakolori da mota har sun biya ni gyara. Ni da ko kaza ban taɓa takawa ba!

A-kori-kurar Yaya ce ta faɗa bara, da lodin tumatir, a hanyar Bakura. Shi ya sa na ɗauko shi daga Talata Mafara har ofishinsu na Gusau, da takardun motocin biyu.

Matar ta ce, "Uba ɗaya, suna ɗaya?"

Yaya ya gyara zama ya ce, "Hajiya, mu bakwai ne. Malam mahaifinmu ya ce ba ya da sunan da ya fi wanga, duk ya sa muna Muhammadu. Gida dai ake kira na Sani, shi Rabi'u."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta duba lambar motar da aka gyara, ta cire haɗarin daga kaina. Kuɗin ya koma yadda yake, wallahi kamar in taka rawa a wurin.

Muna fita Yaya ya ce in ba shi tuƙi. Na ce Allah ya kiyaye, suna kawai muka haɗa!

Masu gidan Muhammadu zalla, ku fito, wane laifin ɗan'uwa aka taɓa ɗora muku?