Baba Gagare, Mai Koya wa Mata Kankare Ƙarfe

Kafin rana ta leƙo kan katangar gidansa da ke Batsari, Baba Gagare ya riga ya dawo daga masallaci, ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfa, ya jawo dutsen washi gabansa. Sunansa na yanka Abdulkahar, amma in ka yi cigiyarsa da wannan suna sai mutane su yi ta kallon juna. A gefensa tsofaffin magagarai ne jere, waɗanda maƙera suka gama cin amfaninsu suka yar. Shi yake tsince su, ya goge haƙoransu, ya wasa bakinsu, su koma makankaran ƙarfe. Yana washi yana gwada kaifin da babban yatsa, har kokon da matarsa, Inna Mubaraka, ta ajiye masa ya huce.

"Malam, kokon nan fa ba ƙarfe ba ne," in ji ta kusan kullum. "Ba ya jira."

Ƙuruciyarsa duk a wata masaƙa ya yi ta a Kaduna, yana gyaran injuna. Da masaƙar ta rufe ya dawo gida da akwatin kayan aiki da wata sana'a da ba kowa ya san da ita ba. Ga yadda take. Duk inda ƙarfe biyu ke gogar juna a cikin inji, dole fuskokinsu su kwanta daidai, kuma ido ba ya iya ganin inda suka saɓa. Sai a kwaɓa bular wanki da baƙin mai, a shafa a fuska ɗaya, a goga ta da ɗayar. Inda bula ta kama, nan ne tudu. Sai a sa makankari a ɗauke tudun kaɗan-kaɗan, a sake shafawa, a sake dubawa, har ɗige-ɗigen bula su bazu ko'ina.

Shekarar da 'yan bindiga suka tayar da mu daga ƙauyenmu na gefen Ruma, muka cika Batsari, wasu a gidajen dangi, wasu a azuzuwan makaranta. Ba gona, ba kiwo, sai zama da tunani. Baba Gagare ya ga yadda mutane ke wuni zugum a bakin titi, ya je ya samu liman, ya ce yana so ya buɗe aji a gidansa, kyauta. Maza da yamma a zaure, mata da hantsi a tsakar gida, Inna Mubaraka tana zaune.

"Ba aikin yi na yi maku alkawari ba," ya faɗa mana ranar farko. "Abin da za ku ba hannu ne ya yi, ko zuciya ta samu ta huta."

A teburin mai shayi aka fara yi masa shaƙiyanci, wai Gagare ya buɗe makarantar kankare ƙanzo. Da labari ya iso masa sai ya ce, "To su zo mana. Wasunsu ko ƙanzon ba su iya ba." Wasu sun zo don su yi dariya, suka zauna. Ya raba wa kowa guntun ƙarfe da makankari, ya ajiye gilashi mai kauri a tsakiya don gwaji. Mata masu goyo ya ba su gefen inuwa, ya hana kowa kankara sai yara sun matsa nesa, saboda garin ƙarfe. A nan na fara yarda da shi.

Cikinmu akwai Atika, wadda mijinta Salmanu ke da injin niƙa ɗaya tilo a ƙauyenmu. Ya rasu a harin da ya kore mu. Ba ta magana a aji, ba ta dariya. Amma hannunta bai da rawa, kuma Baba ya lura. Ba ta yi nisa da koyo ba aka ce hanya ta lafa, muka kwashe yara muka koma gida.

Mun tarar da injin Salmanu a inda aka bar shi. Rufin rumfar ya yaye, damina ta yi ta zuba a kai. Tsatsa ta ci sandar da ke juyawa, ta ɓata mazauninta na tagulla, wanda masu sana'a ke kira bushin. Ba inji, ba gari. Daka kullum ya fi ƙarfin gidan da ke da baki da yawa da mace ɗaya. Sai ya zama 'yan mata ne ke ɗaukar dawa a ka zuwa ƙauyen gaba, kuma hanyar ta bi ta bakin daji. Ɗiyata Umaima na cikinsu. Duk uwar da ta taɓa tsayawa a ƙofar gida tana duban hanya, tuwo bai hau wuta ba, yarinya ba ta dawo ba, ta san abin da nake faɗa. Wata rana da azahar suka dawo a guje, ba kwano ba ɗankwali, sun ji ƙarar babura a cikin daji. Allah Ya tsare, amma daga ranar ba wadda ta ƙara samun natsuwa.

Sai matan ƙauye suka yi gayya. Aka kwance injin, aka fito da sandar da bushin, aka yi musu abin da muka iya tun muna yara: toka, yashi, soson ƙarfe, kamar yadda ake yi wa tukunya ranar jajiberin Sallah. Atika ta ce tana jin ba haka Baba ya ce ba, amma ta rasa yadda za ta yi bayani, kuma manya sun fi ta baki. Tagulla ta yi ta walƙiya har kana ganin fuskarka. Aka mayar, aka tayar da inji, aka yi guɗa. Ba a gama niƙa kwano ɗaya ba ya ɗau zafi, ya yi wari, ya cije.

Atika ce ta kira Baba Gagare a waya. A lokacin yanar ido ta riga ta kama shi, sai dishi-dishi yake gani. Babban ɗansa Almustapha ya tsaya a ƙofa.

"Baba, ido ba ya gani, hanya ba lafiya. Ina za ka?"

"Ai ba ni zan tuƙa ba," in ji shi. "Kai za ka tuƙa. Ɗauko mini akwatin."

Da hantsi suka iso, ya gaisa da dattawa kamar ba abin da ke gabansa, ya tambayi lafiyar kowa har awaki. Sannan aka miƙa masa bushin ɗin. Ya shafa shi da yatsu, mu kuwa kowa ta sunkuyar da kai.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Wallahi ko kwanon amarya bai kai wannan ƙyalli ba."

Inna Mahfuza, wadda ta jagoranci gayyar, ta ce, "To mi ya hana shi yi, Malam? Ƙazanta dai mun fidda."

"Kun fidda, Yaya, har da abin da ba ƙazanta ba. Tukunya ake so ta yi santsi. Shi wanga so yake mai ya samu 'yan ramukan da zai zauna. Kun share masa su, kuma hannu ya fi cin gefe ɗaya, sanda ta koma tana hawa kan tudu biyu kawai. Dole ya yi zazzaɓi."

Ya sa aka wanke shi da kananzir har ƙwayar yashi ta ƙarshe ta fita. Ya kwaɓa bula, ya shafa a sandar, aka ɗora bushin aka juya. Da aka ɗaga, ya kai shi dab da fuskarsa, ya juya shi wajen rana, ya sake juyawa. Bai ga komai ba. Sai ya miƙa wa Atika.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

"Ɗigo biyu, Baba. Ɗaya nan, ɗaya can baki."

"To ke za ki yi. Riƙe makankarin yadda na nuna maki."

"Baba, in na ɓata fa? Ba mu da wani."

"In kin ɓata zan ji a yatsa kafin ya yi nisa. Fara."

Haka aka yi kwanaki. Ita ke gani tana kankara, shi yana bi da yatsa yana cewa nan ya isa, nan ƙara kaɗan. Ya ƙi komawa Batsari, ya sauka a zauren mai unguwa. Tsoffin ɗalibansa muka kewaye su, ya mayar da rumfar injin aji: wata ta kwaɓa bula, wata ta wasa makankari, wata ta kori yara. Ɗigo biyu suka zama da yawa, har suka cika tagullar. A rana ta ƙarshe na ji Atika ta yi masa gardama, ta ce akwai saura a gefen hagu. Ya shafa, ya ce, "Kin fi ni gaskiya." Ta yi dariya, irin wadda ba mu ji ba tun Salmanu na da rai.

Da aka tayar da injin ba wadda ta yi guɗa, duk mun tsorata. Baba ya sa a zuba dawa. Ya ɗora bayan hannunsa a kan mazaunin sandar, kamar yadda uwa ke taɓa goshin yaro. Kwano ya wuce, wani ya biyo, layi ya yi tsawo, bai ɗauke hannu ba. Can ya ce, "Lafiyarsa lau. Yaya Mahfuza, yanzu ki yi guɗarki."

Watan jiya ya sanar cewa ya ajiye aiki, ido ya ƙi. Ajin mata ya dawo ƙauyenmu a hannun Atika, har daga Wagini ana zuwa a kan babur.

Baba Gagare, kai ne ka ga mutane a zube ka ba su abin riƙewa. Kai ne ka koya wa matan aure sana'ar maza ba tare da ka sa mijin kowa jin kunya ba. Kai ne ka hau babur ka bi hanyar da masu ido ke tsoro, kuma da ka iso ba ka nuna kai kaɗai ka iya ba. Mai jin ƙarfe da yatsa, mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya saka wa Inna Mubaraka da ta yi ta shara da haƙuri da mu, Ya yi wa Almustapha albarka.

Ku kuma masu sana'a a hannu, daga Batsari har Safana da Runka, masu ɗinki da walda da gyaran famfo, kada ku jira sai an ba ku ɗaki da allo. Zaure ya isa. Ku kira mutane tun idonku na gani, ku bar matan da ke so su zo, don ba ku san ranar da ƙauye guda zai dogara da hannun ɗaya daga cikinsu ba.

Jiya na aiki Umaima niƙa. Ban tsaya a ƙofa ba. Ruwan tuwo bai tafasa ba ta shigo da gari a ka, tana mita wai layi ya yi yawa.