Ranar Da Aka Kwashe Masarar Alhaji

Ku matso ku gyara zama, in ba ku labarin ranar da na fita da ƙafata kallon wasan kiɗa. Wanda ya san ni zai ce ƙarya ne. Ni ko biki ake a maƙwabta, leƙawa nake in yi Allah-sanya-alheri in dawo tsakar gidana. Karatuna bai wuce na allo da 'yar makarantar yaƙi da jahilci ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina ƙwanƙwasa tukunya zan gaya muku ta tsage tun ba ta fara yoyo ba.

Autanmu ni na goya shi bayan rasuwar innarmu. Da ya girma ya tafi kudu neman abinci, ya daɗe, sannan ya dawo Bebeji da jita mai amfani da lantarki, irin wadda in ta yi kuka sai ka ji har cikin haƙoranka. Ya haɗa abokai, da mai ganga da mai riƙe lasifika. To akwai wani mutum a Kano mai ɗaukar makaɗa aiki a taruka, ya ce zai zo ya ji su, sau ɗaya tak.

"Yaya," in ji Auta, "in mutumin nan bai ɗauke mu ba, kudu zan koma. Gona kaɗai ba za ta riƙe ni ba."

Tuwon ranar bai shiga ba. Shekarun da ya yi can, kullum waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Wani Alhaji, abokin maigidana, ya ara musu sitonsa a Kwanar Dangora. Na taɓa shiga sau ɗaya, ina dawowa daga barka a Dangora, ina jiran mota, Auta ya ja ni in ji gwajinsu. Buhunan masara ne jibge a bango uku, sun kusa taɓa kwano. Kiɗan kuwa, wayyo daɗi! Kowace tsirkiya da muryarta, ganga na bin ta a hankali. Na koma gida hankalina kwance.

Ranar wasan Asabar ce, an ce a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Maigida ya ɗauko ni a babur tun da azahar. Ina sa ƙafa na yi sallama, sai na ji sallamata ta dawo mini. Na duba, ba buhu ko ɗaya. Siminti tas, bango tas, kwano a sama.

Alhaji ya taho yana fara'a. "Uwargida, kin ga aiki? Jiya na sa aka kwashe masarar, aka share, aka wanke. Baƙo daga birni ba zai zo ya ce mu ƙazamai ne ba."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Me zan ce? Mutum ya yi karamci.

Da suka fara gwaji, sai ka ce an zuba duwatsu a garwa ana girgizawa. Jita ta bugi bango ta dawo ta haɗu da ganga, muryar Auta ta nutse a tsakani. Mai lasifika ya ƙara sauti, abin ya ƙara lalacewa. Suka hau musu, wannan ya ce waya ce, wancan ya ce janareto ne. Ana cikin haka baƙon ya bugo ya ce ya taso, har ya wuce Kura.

Na yafito Auta. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Yaya, don Allah ba yanzu ba."

"Kai, tsaya nan. Bayan nan ne ya goya ka. Lasifikarku lafiya lau take, ɗakin ne tsirara."

Mai ganga ya ƙyalƙyale da dariya. "Jama'a a ba da hanya, injiniya ta iso daga Bebeji!"

Na ce, "Ɗan nema, yi shiru ka ji." Na tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya zaga siton ya dawo. Na ce, "Ba ku taɓa shiga ɗakin amarya kafin a yi jere ba? Ko tari ka yi sai ya amsa maka. A sa gado da katifa da labule, sai ya yi tsit. Masarar nan ita ce jerenku, an kwashe."

Auta ya tsaya yana kallon bangon. Can ya ce a hankali, "Wallahi Yaya ta yi gaskiya."

Saura Alhaji. Da aka ce za a mayar da kaya cikin siton da ya sha wahalar wankewa, sai ya ɓata rai. Maigida ya ja shi gefe, ban san me ya ce masa ba, na dai ji Alhaji yana cewa, "To, in matarka ta kunyata ni, kai za ka share." Masara ta riga ta tafi, amma akwai injin casar shinkafa a bayan siton, da buhunan ɓuntu tuli. Aka turo su a kura. Mai sayar da zana a bakin titi ya ara mana nasa, matan gidajen kusa suka aiko da tabarmi da barguna. Ni kuwa ina tsakiya ina tafi ina cewa, "Wancan lungun bai ƙoshi ba, a ƙara masa." Ni da ko a gidan suna ba a jin muryata!

Ana rataya tabarmar ƙarshe motar baƙon ta tsaya. Ya shigo ya dubi buhunan, ya dubi zana, ya zauna. Mutane suka cika, na koma bayan mata na rufe ido. Auta ya taɓa jita. Na jira in ji ta dawo. Ba ta dawo ba, ta tsaya inda aka ajiye ta, garau. Sai a lokacin na nemi buhu na zauna. Ɓuntu ya yi ta cin jikina, ban damu ba.

Da aka tashi, baƙon ya ce, "Wa ya ce a jera buhunan nan?" Auta ya nuna ni, na ja mayafi na rufe fuska. Mutumin ya ce, "Hajiya, akwai manyan ɗakunan taro a birni da ke neman irinki." Ya ɗauki su Auta aiki. Yanzu Auta kan tafi Kano ranar Juma'a ya dawo Litinin, ya shiga gonarsa, ya zo ya cinye mini tuwo yana cewa gishiri ya yi kaɗan. Alhaji kuwa har yau cewa yake dabararsa ce, na bar masa.

Bara Auta ya lallaɓe ni zuwa wani sabon ɗakin taro a Tudun Wada, ƙasa sai sheƙi, bango kamar madubi. Daga bakin ƙofa na tafa sau ɗaya, na ji abin da na ji, na ce ya mayar da ni gida. Ya ce na cika tsirfa. To ku ku raba mu: in an gayyace ku kiɗa, ɗaki za ku je kallo, ko kunnenku za ku kai ya sha daɗi?