Ranar da Inna Ta Yi Ɗawafi a Shagona

Shekarun baya, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Kano ba, ina da ɗan shago a Gwarzo inda nake buga wa mutane takardu da katin ɗaurin aure. Kwamfuta guda gare ni, tokumbo, fara ce amma tsufa ya mayar da ita ruwan ƙasa. Zamani ne na matsi, kowa na kukan tsadar mai da ta hatsi, amma a shekarar ne Allah Ya nufi mahaifiyata da biyan kujerar Makka, bayan ta daɗe tana tara ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Murnar ba ta yi nisa ba. Duk ranar da ta dawo daga bitar aikin hajji, ko abinci ba ta ci sosai.

"Ni fa ban gane komai ba," ta ce da ni wata rana. "Malamin sai ya ce a sa Ka'aba a hagu, a fara daga kusurwa kaza, a wuce Safa. Ni da ko Kano ban cika shiga ba? In na ɓace a cikin jama'ar nan wa zai nemo ni? In na ɓata aikin fa? Ina ga gara in bar wa kawunka kujerar."

Na san halinta, in ta faɗi magana sau biyu to ta kusa aikatawa. Ana cikin haka wani da nake buga wa takardu ya kawo mini faifai daga Kano. An zana Masallacin Harami a ciki, yadda mutum zai riƙe mawus ya yi ta yawo kamar yana can. Na sa a kwamfutata, hoton ya riƙa tafiya da ɗingishi, daga baya allon ya yi baƙi ƙirin. Wani mai gyara a Kano ya ce sai na ƙara mata katin hoto, wato ɗan falle mai fanka da ake sokawa a cikin kwamfuta don ta iya ɗaukar hotuna masu nauyi. Na tattara abin da ke hannuna na sayi na hannu, na dawo ina jin kaina kamar wanda ya sayo jirgi.

Na kwance kwamfutar ke nan, ina shirin soka katin, sai ga abokina ya yi sallama. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Kabo. Yana da kwamfuta a gida amma ba shi da firinta, shi ya sa yakan zo wurina. A lokacin 'yan uwansa sun dame shi ya tattara ya koma gida saboda zancen shari'a, shi kuwa ya ce bai ga abin da zai kore shi ba.

"Tsaya tukuna," ya ce. "Ka duba fawa fak ɗinka?"

"Me ya same shi? Ai lafiyarsa ƙalau, ga fanka nan na juyawa."

Bai yi musu da ni ba. Ya nuna mini akwatin ƙarfen da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ya goge takardar da ke manne a jikinsa da yatsa. Wat ɗari biyu. Ya juya kwalin katin ya nuna mini inda aka rubuta cewa yana bukatar aƙalla ɗari uku. Sannan ya nuna mini wata ƙaramar kafa a gindin katin, wadda za a jona wa wayar wuta ta daban. Ni ko lura da ita ban yi ba.

"In ka yi sa'a, ta riƙa mutuwa tana tashi," ya ce. "In ba ka yi sa'a ba, ka ji ƙauri. Ka rasa katin, ka rasa kwamfutar da kake ci da ita."

Na ɗaga kai na kalli allon da na kafa a ƙofar shago, wanda na sa aka rubuta "Injiniyan Kwamfuta" da jan fenti. Shi ma ya kalla. Sai muka fashe da dariya.

Dariyar dai ba ta sayo fawa fak ba, aljihuna kuwa ya riga ya bushe, ga tafiya ta matso. Da na ba shi labarin Inna sai ya ce, "Tashi mu je Kabo."

Muka hau babur ɗinsa. A gidansa ya kwance tasa kwamfutar, ya ciro fawa fak mai wat ɗari uku da hamsin. Matarsa ta tsaya a kansa tana kallo.

"To da me za ka buga tambayoyin jarrabawa?" ta ce.

"Da hannu. Ai ban manta rubutu ba."

"Yaran ne za su sha wahalar karantawa," ta ce, ta ɗauko tsohon zani ta naɗe akwatin da kyau, ta miƙo mini. "Ka rungume shi, hanyar nan akwai ramuka."

Da muka dawo bai bari an kunna komai ba sai da ya gwada kowace waya da kafarta. Duk suka dace, har da ta katin. Matsala ɗaya, nasa ya fi nawa girma, ya ƙi shiga cikin kwamfutar. Muka ɗora shi a kan kujera 'yar tsugunno a gefe, wayoyi suka bi ta buɗaɗɗen ciki, kwamfutar ta zama kamar mara lafiyar da ake wa ƙarin ruwa. Na yi bisimilla na danna. Fankoki suka tashi, muka yi ta shinshina iska muna jiran ƙauri. Shiru. Sai ga masallaci ya bayyana tas, haske ko'ina.

Bayan la'asar na ɗauko Inna. Tana ganin Ka'aba a allon ta ja da baya, ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta shigo tana salati. Na ɗora hannunta a kan mawus. Da farko ta yi ta cin karo da ginshiƙai, sau ɗaya ma ta juya ɗawafin ta baibai. Amma kafin magariba ita ke nuna mini hanya. "Ga inda ake farawa. Ga hanyar Safa can. Ashe abin ba wuya!"

Abokina na tsaye a waje, bai san ko ya dace ya leƙo ba. Inna ta hango shi.

"Malam, shigo mana. Ba kai ka ba mu wutarka ba?"

"Mama, don Allah ki riƙa cewa lantarki," ya ce. "A wannan zamanin kada a ji an ce na kawo wuta Gwarzo."

Ta yi dariya har da hawaye. Ban ƙara jin maganar bar wa kawu kujera ba. Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu, mata maniyyata har daga ƙauyen Mainika suna zuwa, Inna na zaune gaban kwamfuta ta zama malamar bita. Sai da jirginsu ya tashi na mayar wa abokina kayansa.

Har yau ba na sa wa kwamfuta sabon abu ban fara karanta takardar jikin fawa fak ba, kuma duk wanda na koya wa aiki da wannan nake fara masa. Amma in na tuna lokacin, ba darasin ne ke fara zuwa mini ba, daɗin ne. Babu kuɗi a hannun kowa, mutane na kallon juna da zargi, amma wani ya yini yana rubuta jarrabawa da hannu don tsohuwar da ba tasa ba ta je ta yi ibadar da ba tasa ba cikin natsuwa.

Da ta dawo, abokina da matarsa suka zo yi mata barka. Ta ba su dabino, ta ce ta yi masa addu'a a gaban Ka'aba. Ya tambaye ta cikin wasa ko ta iya faɗin sunansa daidai.

"Ina fa," ta ce. "Ya ɓace mini sam. Sai na ce, ya Allah, malamin nan na Kabo. Ka dai san shi."