Goggo Hadjara da Saƙon da Aka Jefar

A unguwar Sabangali aka haifi Goggo Hadjara, a gidan da kakanta ya gina lokacin da guzurin Makka ya ƙare masa a bakin kogin Shari. Tun tasowarta gidan masaukin baƙi ne. Ta sauki mai takarda da marar takarda. In babu wuri, da kanta take fitowa zaure ta faɗa wa mutum, ta kwatanta masa gidan da zai gwada.

Ni maƙwabcinta ne, kuma ban taɓa ganin fushinta ba sai bana.

Jikarta Nafissa ta nemi zama konkur, jarrabawar shiga wata makarantar ungozoma. Ta imel ake nema. Ta aika daga siber ɗin Yunusu, shagon intanet na unguwarmu, kwamfuta ta ce saƙon ya tafi. Da sunaye suka fito babu nata.

Goggo ta ce in raka ta makarantar. Mai kula da kwamfutocinsu, wani saurayi Abbas, ya daɗe yana bincike kafin ya gano. Agogon kwamfutar Yunusu ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ya koma shekarun baya. Saƙon ya iso da kwanan watan da bai yiwuwa, manhajar da ke karanta saƙonni ta ɗauke shi gurɓatacce, ta goge.

"Ta faɗa wa wa?" in ji Goggo.

"Ba ta faɗa wa kowa, Goggo. Haka aka tsara ta."

"Takardun yarinyar suna ciki?"

"Da alama suna ciki."

"To ɗan nan, baƙo ya zo ƙofarka da rigarsa a yage, sai ka tura shi kogi ka koma ka zauna? Ka ajiye shi gefe mana, mutum ya duba. Ko ka ce masa ya koma ya sake shiri. Da yarinyar ta sani, da tun ranar ta sake aikowa."

Abbas ya ce zai sa a riƙa ajiye irinsu, a kuma sanar da mai aikowa. Amma rajistar bana an rufe.

Nafissa tana jiran baɗi, tana taya Goggo girki. Har yau in baƙo ya ambaci imel a zauren, Goggo takan ajiye ludayi ta soma labarin daga farko. Ni dai in zauna in saurara.