Mun yi wa mai rai zaman makoki

Innarmu na ta kuka a Tibiri, maƙwabta har sun shimfiɗa tabarmin makoki, sai ga kiran ƙanena Sani. Yana raye. Faɗuwa ya yi da babur a hanyar Jiratawa, ƙafarsa ta karye.

Ɗiyata Hadiza, 'yar shekara sha biyar, ita ta tura wa dangi saƙon rasuwarsa.

Na zaunar da ita, na ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Baba, a gurup na ji."

"Kin san mai maganar? Ya ce ya ga gawar?"

Ta sunkuyar da kai.

Ban dake ta ba. Tibiri na kai ta, ta ga yadda idanun kakarta suka kumbura.

Ni ma da laifina. Na saya mata waya, ban koya mata tambayar "wa ya gani?" ba. Ku fa, kun koya wa naku?