Horace Lumb, Wanda Bai Taɓa Wuce Kowa Ba

Ranar Asabar, ashirin da uku ga watan Nuwamba, Allah ya karɓi ran Horace Lumb a kan tudun Dunnock, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya rasu a zaune, bayansa jingine da gaɓar baƙin taɓo, jakarsa a goye, takalmansa a ɗaure. Ya bar matarsa Mavis, da 'yarsu Gillian, da jikoki. Ya kuma bar Tseren Dunnock na watan Janairu ba mai shara.

Bryony, sakatariyar ƙungiyarmu ta masu gudun tudu, ita ta roƙe ni in rubuta wannan ta'aziyya, wai ni ne na yi karatu mai zurfi. Iyakar amfanin karatuna ke nan a garin Skerby: a tuna da shi in an yi mutuwa. Da ta gama roƙon, sai ta ƙara da cewa har yau ba wanda ya fito ya ɗauki aikinka, Horace, kuma doka ba ta yarda a saki mutane cikin fadamar nan da hunturu ba tare da mai shara ba. In ba a samu ba kafin Kirsimeti, bana babu tsere. Mutane sun yi rububin sa suna don su yi gudu. Ko ɗaya bai sa suna don ya zo na ƙarshe ba.

Saboda jikokinka da za su karanta wannan wata rana, bari in faɗi abin da kakansu ya yi. Mai shara shi ne wanda yake tashi bayan kowa ranar tsere, ya bi tudu ya tabbatar ba a bar kowa a kai ba. A bayansa akwai jaka mai nauyi: bargo, busassun kaya, filas na shayi, abin ɗaure rauni, da kek ɗin citta na Mavis. Dokarsa ɗaya ce: ba ya wuce na ƙarshe, ko da rarrafe mutumin yake yi. Mu kuma masu gudu muna da tamu al'adar, wadda ba a rubuta ko'ina ba: ba a waiwayar mai shara. Cewa muke waiwaye yana kashe ƙafa. Gaskiyar ita ce, wanda ya waiwaya ya amsa cewa shi ne na ƙarshe, mu kuwa mutanen tudu mun fi son mu nutse da mu amsa haka.

Ka san halinmu, shi ya sa kake yin fito da baki. Waƙoƙin majami'a kake bi ɗaya bayan ɗaya, ko dai abin da kai kake zaton su ne, don na ƙarshe ya san akwai mutum a bayansa ba sai ya juya ba. Kusan shekara talatin kana wannan aiki. Kafin nan kana cikin masu saurin garin nan, ni shaida ne, domin na sha kallon bayanka. Da aka tambaye ka dalilin da ka koma baya, cewa ka yi na gaba ba sa tsayawa cin kek.

Akwai shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe ramukan fadama, wani saurayi daga kudu ya zurma har ƙugu. Ka ciro shi, amma taɓo ya riƙe takalminsa ɗaya. Ka cire naka ka ba shi, ka naɗe ƙafarka da ledar burodi, ka gangaro a haka kana ɗingishi, kuma duk da haka a bayansa. Da aka iso zauren gari, yaron yana ta godiya har da hawaye, kai kuwa da yake sayar da takalma ne sana'arka sai ka kama ƙafarsa kana dubawa.

"Ɗana, wanda ya sayar maka da wancan takalmin ya cuce ka," ka ce masa. "Fadama taimakonka ta yi."

Ranar jana'izarka wata mata ta tare ni a ƙofar majami'a. Ban san ta ba. Ta ce shekarar da mijinta ya rasu ta shiga tseren, ta kai tsakiyar tudu, sai kuka ya ci ƙarfinta ta zauna. Ta ji fito ya matso, ya tsaya can nesa kaɗan, bai ƙaraso ba. Ba ka ce mata ta tashi ba, ba ka tambaye ta lafiya ba. Ka ci gaba da waƙarka har ta gama kukanta ta miƙe. Ta ce mini: "Sai yau na ga fuskarsa, a hoton da ke kan akwatin." Ba ita kaɗai ba ce. Rabin waɗanda suka cika majami'ar nan fitonka suka sani. Na dube su, da agogunansu masu nuna hanya da rigunansu masu tsada, na ji kunya ta kama ni a madadinsu. Daga baya na tuna ba ni da bakin jin kunyar wani.

Ni ban taɓa jin fitonka ranar tsere ba, kuma da wannan nake taƙama. Da aka rufe sashen tsofaffin harsuna a makarantar da na koyar, aka sallame ni da kati da agogon bango, na shige gida na ja ƙofa. Shekaru na yi ina zagin gwamnati da matasa da rediyo. A watan Satumban bana ka zo ka buga mini taga da sandarka.

"Farfesa, fito. Mutanen da ke cikin littattafan nan sun mutu tuntuni, ba inda za su."

"Me zan fito in yi?"

"Na sa sunanka a tsere. Ko ka shirya, ko in sharo ka a gaban duk garin nan."

Ka san inda za ka taɓa. A Tseren Dunnock akwai ƙofar garke ta ƙarshe da ake rufewa in lokaci ya cika. Wanda bai wuce ta ba, tare da mai shara yake gangarowa. Na rantse a raina cewa ina shekara sittin da takwas zan wuce ƙofar nan tana buɗe, ko da shi ne abu na ƙarshe da zan yi daidai a rayuwata.

Haka muka shiga shiri. Kowace Asabar muna kan tudu, ruwa ko iska. Muka sake koyon fadama, domin ba ta zama yadda aka bar ta bara: inda ciyawa ta fi kore da kyau, nan ramin yake. Muka saba wa ƙafafunmu da ruwan sanyi har suka daina ƙorafi. Ka tilasta mini cin abinci ina tafe, ka hana ni tsayawa duba taswira sai in iska na bayana. Ranakun Juma'a mukan zazzage jakunkunanmu a teburin kicin ɗinku mu sake shiryawa, Mavis tana cewa tsofaffi biyu sun mai da mata gida turken aladu. Kai ko a horo da cikakkiyar jakar shara kake hawa, wai kada bayanka ya manta. Kuma kullum kana bayana, kana fito. Abin yana ci mini rai.

"Don Allah ka wuce, mai takalma. Yau ba ranar tsere ba ce."

"In na wuce wa zai ciro ka? Tumaki?"

Ranar Asabar ɗin nan da safe hazo ya sauko ƙasa, ana yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. A gindin tudu ka tsaya kana murza kafaɗa, ka ce igiyar jaka ce ta matse ka. Na ce tsufa ne, ka ce in ji tsoho. Muka hau.

Da muka shiga doguwar fadama sai na ji abin da na daɗe ban ji ba. Ƙafafuna suka yi sauƙi. Ina taka tushen ciyawa ina tsallake ramuka kamar mai shekara arba'in. Fitonka yana bayana, sai ya fara nisa. Ya ƙara nisa. Sai ya ɗauke.

Ga abin da ya sa na karɓi rubutun nan, Horace. Da fiton ya ɗauke, daɗi na ji. Na ce a raina: yau na bar shi. Na ƙara sauri. Ban waiwaya ba, domin ba a waiwayar mai shara, kuma domin ba na so in gan ka kusa daɗin ya lalace. Na kai tarin duwatsun da ke ƙololuwa, na zauna, na ci kek ɗin matarka, ina shirya baƙar maganar da zan tare ka da ita. Har na zaɓi wadda ta fi zafi. Sai da sanyi ya ratsa rigata kafin tunani ya zo mini cewa a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa barin ka. Ba ka bari tazara ta buɗe tsakaninka da na ƙarshe. Aikin ke nan.

Na bi sawuna na koma. Na same ka a zaune. Usur yana rataye a wuyanka, ba ka busa ba. Fuskarka tana kallon hanyar da na bi.

Likita ya ce zuciya ce, kuma nan take ne, ko da ina gefenka ba abin da zan iya. Masu ceton kan tudu da suka sauko da kai sun faɗa mini haka. Fasto ya faɗa. Bryony ta faɗa sau biyu. Ban ce ƙarya suke ba. Amma ba wanda ya tambaye su ko zan iya cetonka. Mutumin da ya hana jama'a da yawa zama su kaɗai a kan tudun nan, shi ya zauna shi kaɗai, abokinsa yana can sama yana murna.

Bayan jana'iza na je wurin Mavis. Ta zuba mini shayi, na faɗa mata duka, har da daɗin da na ji. Na zaci za ta kore ni, kuma na so ta yi hakan. Ta daɗe tana juya cokali.

"Desmond, kai dai komai sai ka mai da shi naka," ta ce. "Mijina ne ya mutu, kai kuma ka zo in yi maka hukunci. Ba ni da ƙarfin wannan."

Ta ajiye cokalin, ta ci gaba. 

"Da ka waiwaya da zagin ka zai yi, ka sani. Shekara da shekaru yana dawowa yana ba ni labarin bayan mutane. Ta ƙeya ya san garin nan. Ya ce taka ƙeyar ta fi fuskarka fara'a."

Ta tashi ta fita, ta dawo tana jan jakarka a ƙasa, har yanzu da busasshen taɓo a jikinta. Ta ajiye a ƙafata.

"Ta toshe mini hanyar kicin. Ko ka ɗauka, ko in kai wa masu gwanjo."

"Mavis, ni ban iya fito ba."

"Shi ma bai iya ba. Kai ka taɓa gane waƙa ɗaya?"

A nan ta yi kuka, ni ma na yi. Jakar ta fi yadda na zata nauyi.

Na mayar wa Bryony lambata ta tsere. Ta ce, "Mista Firth, bayan duk wahalar da ka sha? Ai za ka iya wuce ƙofar nan." Mai yiwuwa. Ba zan taɓa sani ba, kuma ya dace kada in sani. Tseren Dunnock zai gudana a Janairu. Zan tashi bayan kowa, in gangaro bayan kowa, a gaban duk garin nan, kamar yadda ka yi mini alkawari. Ban ɗauka wannan ya biya komai ba. Aiki ne da ba mai yi, ni kuma ba ni da sauran taƙamar da zan kare.

Abu ɗaya nake roƙon 'yan ƙungiya. Ban isa in kashe al'adar da ta girme ni ba, na ma daina zaton ana jin maganata a garin nan. Amma duk wanda ya sami kansa na ƙarshe a bana, in ya ji wani tsoho yana hura iska a bayansa, sauti yana fita yana ƙin fita, ni ne, ina koyo. In kuwa ya ji shiru, ya waiwaya. Ƙafarsa ba za ta mutu ba.

Ga Mavis, da Gillian da mijinta, da jikoki, ina miƙa ta'aziyyata da ta duk wanda Horace ya taɓa rakowa gida bai san fuskarsa ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya muku zuciya, ya riƙe gidan da ya bari. Ku yafe mini in kun iya, in ba ku iya ba na fahimta.

Na daɗe ban yi addu'a ba, Horace, bakina ya yi tsatsa. Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya hutar da bayanka daga kaya. Ya karɓe ka inda ba sanyi, ba hazo, ba ƙofar da ake rufewa. Kuma ina roƙonsa, a lokacin nan da ka zauna kana kallon bayana, ya zama akwai wanda yake tsaye a naka bayan, wanda bai wuce ka ba. Amin.

Desmond Firth, Skerby