Reshe Biyu da Na Kai Ƙonni

Shekara goma sha biyar ke nan da aka ɗauki gawar Malam, maigidana, daga tsakar gidanmu a Illela, bayan sallar azahar, damina ta fara sauka. Har yau ba na faɗin sunansa, kuma ba sai na faɗa ba. Duk wanda ya taɓa sayen saiwa ko sassaƙe a kasuwar garin nan ya san rumfar da ke ƙarshen layin masu magani, inda ake ɗaura wa kowane ƙunshi ɗan reshe da ganyensa. Tasa ce. Ban yi karatun boko ba, ɗana Nasiru ne ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce masa in kuka ya tsayar da ni ya jira, kada ya ƙarasa mini magana.

An ce mini idan shekaru suka taru zan daina kuka. Ban daina ba. Ko jiya da aka yi yayyafi ƙasa ta tashi da ƙamshi sai da na share ido da bakin zane. Amma ba don in sa ku tausaya mini na nemi wannan fili ba. So nake ku ji yadda aikinsa ya kusa mutuwa bayansa, da yadda ya tsira.

Garinmu bakin iyaka ne. Ranar kasuwa manomin Araba zai tsaya gaban rumfa, Bafulatani na bayansa da sanda, ga mutumin Ƙonni da sefa a aljihu, ga direban da ya taso daga bakin teku. Kowa da sunan da ya tashi ya ji ana kiran tsiro a garinsu, suna ɗaya kuwa yakan hau kan tsiro biyu ko uku. Ka ce farar ƙaya, ni na san itace fiye da ɗaya da ake kira haka. Ka ce nonon kurciya, akwai mai gashi da ke ɗan miƙewa, akwai mai jan kara da ke shimfiɗe a ƙasa, duk suna fitar da farin ruwa in ka karya. Gadali kuwa, kowace ruga da irin nata.

Saboda haka Malam ba ya sayar da magani da suna kawai. Yana da faifai cike da 'yan rassa. Idan ka faɗi abin da kake so, sai ya zaro duk waɗanda ya san suna amsa wannan sunan, ya jera maka, ya ce ka nuna da yatsa. In aiko ka aka yi ba ka sani ba, sai ya ba ka rassan kyauta ka koma ka tambayo. Wani Alhaji ya taɓa hasala, ya ce, “Malam, ciniki na zo ko jarrabawa?” Malam ya yi dariya ya ce, “Alhaji, cikin iyalinka za shi shiga, ba nawa ba. Tafi ka tambayo.” Wasu ba su dawowa. Da yawa sun dawo, kuma ba su sake zuwa wata rumfa ba.

Ni ke ɗaurin a gida. Fiye da shekara talatin yana kawo kaya daga daji, ina wankewa, ina shanyawa, ina ɗaura wa kowace saiwa reshen uwarta don mai saye ya ga daga inda ta fito. Bai taɓa zaunar da ni ya ce ga darasi ba. Hannu da hanci ne suka koya.

Da ya rasu ina cikin takaba, Nasiru, wanda shi ne na uku a 'ya'yana, ya bar fataucin albasa ya karɓi rumfar. Ban ga laifinsa ba a kan haka, ya tsare mana gida. Sai dai da na fita takaba na je kasuwa, faifan Malam na rataye a kusurwa, rassan sun bushe sun kakkarye. Nasiru ya kai komai inji an niƙe, ya ƙulla a leda, ya sa 'yar takarda mai suna a kowane ƙulli. Abin ya yi tsaf, ciniki na sauri, mutane na yabawa. Ni kuwa da na dubi garin, duk launi ɗaya, sai na ga ba mai iya bambanta wannan da wancan. Daga ranar na ɗauki tabarmata na koma zama a rumfar, tunda na tsufa ba mai hana ni. Muka fi shekara muna ja-in-ja. Yana cewa zamani ya canza, ga suna nan a rubuce. Ina cewa wanda ya rubuta sunan garinsu ya rubuta, wanda zai sha kuwa na garinsu ya sani.

A damina ta biyu bayan rasuwar, azumi na gabatowa, wata 'yar kasuwa a Ƙonni, Hajiya Mariyama, ta kira Nasiru a waya. Buhu shida take so na ganyen kinkiliba. Nasiru bai san sunan ba, ya tambayi wani abokinsa na ƙauyukan tsallake, ya ce masa ai rai-ɗore ne, haka suke kiransa. Abokin bai yi ƙarya ba. Nasiru ya sa matan ƙauyen Tozai suka tsinko, aka shanya a inuwa saboda ruwa, aka murje, aka ɗinke buhuna. Duk wannan bai gaya mini ba, don ya san abin da zan ce.

Ranar da za a ɗora su a mota na shigo rumfa, wari ya tare ni tun daga ƙofa. Rai-ɗore ba ya ɓoyuwa, ko akuya ba ta cinsa. Na ce, “Nasiru, mi ke cikin buhunnan ga?” Ya gaya mini. Na ce wa zai sha buhu shida na rai-ɗore? Mu abin da muka sani ɗan kaɗan ake dafawa don zazzaɓi, yana kuma wanke ciki, ba a ba mai juna biyu. Sai na tuna Malam ya taɓa sayar wa wasu direbobin da suka fito daga yamma, can wajen Mali, ganyen geza, ya dawo gida yana ba ni labari cewa su ma kinkiliba suke ce masa, shayi suke yi da shi. Geza dai kun san ta, wadda ke fitowa a tudu mai tsakuwa, ake saƙa kujeru da rassanta.

Nasiru ya ce, “Inna, Hajiyar 'yar Ƙonni ce, abokina ma ɗan can ne. Direbobin Baba kuma na ina?” Gaskiya maganarsa da nauyi. Ni ma ban tabbata ba. Abin da na tabbata kawai shi ne ba wanda ya nuna da yatsa. Na hau kan buhun farko na zauna. Direba na ta danna oda, masu rumfunan kusa sun leƙo, wani na cewa, “Inna ta zama kwastan!” Kunya ta kama Nasiru, ya durƙusa kusa da ni ya ce a hankali, “Inna, kin hana ni aiki, kin hana ni girma a kasuwa. Har yaushe?”

Nan na faɗi maganar da har yau nake mamakin yadda ta fita. Na ce a ba ni zuwa la'asar. Zan kai wa Hajiya reshe biyu. In ta nuna rai-ɗore, zan naɗe tabarmata in koma gida, ba zan sake taka rumfar nan ba, ya yi yadda ya ga dama. In ta nuna geza, faifai ya sauko daga kusurwa. Ya ce ya yarda, a gaban mutane.

Rai-ɗore na tsinka a bayan kasuwa. Geza sai da mai babur ya ratsa da ni wani tudu a bakin hanya na karyo. Na naɗe su a gefen mayafi. Rabona da Ƙonni tun Malam na da rai, kuma ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Ƙonni ba nisa, amma ranar hanyar ta yi mini tsawo. Ina bayan babur ina kuka, ruwa ya yi kududdufai muna kaucewa, ina ce wa zuciyata in na faɗi yau to da hannuna na rufe aikinsa. A shingen iyaka wani jandarma ya ce, “Tsohuwa, mi kika ɗauko?” Na buɗe masa. Ya duba ya ce, “Wanga ne duk kayan? Wuce, Allah shi ba da kasuwa.”

Na sami Hajiya Mariyama a shagonta tana auna sukari. Muka gaisa, na ce ni ce uwar Nasiru na Illela. Ban ce mata komai ba game da buhunan. Na shimfiɗa rassan biyu a kan teburinta na ce, “Hajiya, wanne kika aika a kawo?” Ko dubawa sosai ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan geza.

Na yi hamdala, aka ba ni kujera na zauna. Ta ɗauki ɗaya reshen ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ce wannan fa? Da na yi mata bayani sai ta dafe ƙirji tana salati. Ashe ta daɗe a su Senegal da Mali tana kasuwanci, sunan can ne a bakinta. Ganyen kuma na baƙi ne, direbobi da 'yan kasuwar Senegal da Mali da ke zaune a garin, waɗanda ba su buɗa baki sai da ruwan kinkiliba mai zafi. Da buhunan nan sun tsallaka a murje, da an ƙulla su a leda an rarraba gida gida, mutane su tafasa su sha a kan cikin da ya wuni ba komai, har da mata masu ciki. Ta ce, “Inna, da kun kashe ni a garin nan.” Na ce da mun kashe kanmu tare.

Na dawo Illela kafin la'asar. Na miƙa wa Nasiru reshen geza. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya tashi da kansa ya sauko da faifan ubansa, ya kakkaɓe. Mai rumfar da ya kira ni kwastan ya ce, “To, kaya ba su wuce ba!” Kasuwa ta ɗauki dariya, ni ma na yi, karo na farko tun rasuwar da na yi dariya har haƙorana suka fito.

Washegari na bi matan Tozai zuwa tudu da kaina. Kwana tara muna tsinka muna shanyawa, muna gudu da tabarmi duk sanda hadari ya haɗo. Geza ta isa Ƙonni ana sauran kwana biyu a ga wata, kowane buhu da reshe ɗaure a bakinsa. Rai-ɗoren kuwa mun fi shekara biyu muna ba masu zazzaɓi kaɗan kaɗan, saura ya koma taki. Hajiya Mariyama ba ta sake sayen ganye a wani wuri ba har ta bar kasuwa.

Nakan tambayi kaina mi Malam zai ce da ya ga kasuwar yau. Motoci na yawo da lasifika suna tallar kwalabe, kowace kwalba an ce tana maganin cuta goma, ba ganye ba saiwa. Na san wannan zai ɓata masa rai. Amma akwai abin da zai sa shi murna. Yanzu idan aka kira Nasiru daga Tawa ko Zamfara aka faɗi suna, sai ya jera rassa a faifai ya ɗauki hotonsu da waya ya tura, ba ya ɗaure kaya sai an zaɓa. Abin da Malam ke sa ɗan aike ya yi tafiyar wuni a kai, yau kafin shayi ya huce an gama. Ina jin da zai karɓi wayar ya jujjuya ta, ya ce ashe ita ma ta iya ladabi. Rumfuna uku a layinmu sun ɗauki ɗaurin reshe, ba wanda ya tilasta musu. Nasiru bai daina niƙa ba, amma sai mai saye ya ga abin da idonsa, sannan a niƙa a gabansa.

Malam bai bar mana gona mai yawa ba, bai bar bene ba. Kabarinsa ma yanzu sai an nuna mini. Abin da ya bari shi ne a garin da suna ɗaya ke da tsiro uku, akwai wurin da mace za ta aiki mijinta, hankalinta kwance cewa abin da ta nufa shi zai zo mata.

Shekara goma sha uku na yi a kan tabarmar nan bayan tafiyata Ƙonni. Bana idona ya yi hazo. Watan jiya wata mata ta nuna reshe a faifai, na kai hannu na ɗauko na kusa da shi. Nasiru ya gani, ya gyara a hankali. Ni da kaina na yanke hukunci. Wanda ba ya ganin abin da aka nuna bai kamata ya zauna gaban faifai ba, ko da matar mai faifan ce. Na naɗe tabarmata da kaina, na bi layin masu magani rumfa rumfa na yi sallama, suka raka ni har bakin titi. A da na ji tsoron in bar wurin nan a kore, aikin Malam ya bi ni gida ya mutu. Na bar shi da ƙafata, ina jiyo Nasiru a bayana yana mayar da wani ɗan aike ya je ya tambayo.

Allah ya jiƙan Malam, ya yalwata masa makwanci, ya sada mu a inda ba ciwo balle neman magani.